Ƙara taga a dibagar STM32CubeIDE: igiyar wuta nake son gani, ba lambobi 256 ba

Auwal: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman agajin duk wanda ya taɓa rubuta filogin na Eclipse, wato ƙarin ɓangaren da ake ɗora wa wannan manhaja ta rubuta shiri. Ƙaramar inbata nake haɗawa da STM32F103C8, shuɗin allon nan da kowa ya sani. ADC, sashen cif ɗin da ke mayar da wuta lamba, yana auna wutar da ke fita sau 6400 a daƙiƙa, DMA, wadda ke kwashe bayanai zuwa memori da kanta, tana zuba awon a jeri mai gurbi 256, in ya cika ta koma farko. Tunda wutar 50 Hz ce, awo 128 ne zagaye ɗaya, jerin ke nan yana ɗauke da zagaye biyu cif. Duk lokacin da na tsayar da shirin a dibaga, wato abin da ake bin shiri da shi don gano kuskure, sai in buɗe jerin a tagar Expressions in tarar da lambobi reras, 2048, 2141, 2234, har ƙasa, in zauna ina zana igiyar a cikin kaina. Ba ni da osiloskof, na'urar nuna igiyar wuta a allo, wanda nake ara kuma mai shi ya tafi da abinsa. Sai na ce tunda a kan Eclipse aka gina STM32CubeIDE, manhajar da nake rubuta shirin a ciki, bari in ƙara masa taga tawa da za ta riƙa zana min. Na yi mata rajista a plugin.xml ƙarƙashin org.eclipse.ui.views, na gaji ViewPart, tana fitowa a Show View lafiya lau. Amma fayau take. Na sa IDebugContextListener, ina duba ko abin da aka zaɓa a tagar Debug IStackFrame ne kamar yadda na gani a misalai, sharaɗin bai taɓa cika ba ko sau ɗaya. Yau kwana uku.

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin a shiga gyara, me ya kai ka wannan doguwar hanya? GDB, dibagan da CubeIDE ke aiki da shi, yana da umarnin dump binary memory. Ka ba shi sunan fayil, adireshin farko da na ƙarshe, ya juye maka bayit 512 ɗin nan. Layi biyar na Python da matplotlib sun zana maka. Ni da haka nake aiki shekara da shekaru. Filogin kuwa ɗa ne ka haifa, duk sanda aka sabunta manhajar sai ka koma ka duba ko yana numfashi. Kai inbata kake son gamawa, ba Eclipse ba.

Auwal: Gaskiya ne Malam, kuma da haka na fara. Abin da ya gajiyar da ni shi ne ina taka shirin layi-layi, wani lokaci sau talatin a zama ɗaya. Kowane taku sai in juye fayil, in koma wata taga, in kunna Python, in dawo. Kafin in dawo na manta abin da nake bi. So nake hoton ya canza da kansa a gefen kod ɗin.

Rakiya: Auwal, sharaɗin naka ba zai taɓa cika ba, kuma ba don ka rubuta shi ba daidai ba. Misalan da ka karanta na dibagar Java ne ko na tsohon tsarin CDT, ɓangaren Eclipse na C da C++. A can komai yana bin tsani ɗaya: IDebugTarget, IThread, IStackFrame, IVariable. CDT ta daɗe da komawa DSF, tsarin da kamfanin Wind River ya kawo, saboda alluna irin naku ba sa amsa tambaya nan take, sai an bi waya an dawo. A DSF abin da ka danna a tagar Debug ba IStackFrame ba ne, IDMVMContext ne. Ka karɓe shi, ka kira getDMContext(), daga nan getSessionId() zai ba ka lambar zaman da ake ciki. Da ita za ka buɗe DsfServicesTracker, shi ne zai miƙo maka IExpressions da IMemory. Kada ka manta da org.eclipse.cdt.dsf da org.eclipse.cdt.dsf.ui a Require-Bundle na MANIFEST.MF, in ba haka ba ko ganin ajin ba za ka yi ba.

Kuma Malam, ni ina bayan Auwal a nan. Eclipse ai don haka aka gina shi. Tun fitowar 3.0 a 2004 da ya hau kan OSGi, tsarin haɗa manhaja ɓangare-ɓangare, kusan duk abin da kake gani a cikinsa filogin ne, har tagar Variables ɗin kanta. Wanda ya ƙara tasa taga ba kutse ya yi ba, ta ƙofar da aka bar masa ya shiga.

Sadiq: Ni abin da ban gane ba, ai akwai SWV Data Trace Timeline Graph a cikin manhajar, tana zana canjin lamba kai tsaye shirin yana gudu. F103 kuma Cortex-M3 ne, yana da ITM, sashen da ke fitar da irin wannan bayanin. Me ya hana?

Auwal: ST-LINK ɗina, wato na'urar da ke haɗa kwamfuta da allon, ƙaramin nan ne mai kama da filashi da ake sayarwa a kasuwa. Ba a fito da ƙafar SWO da SWV ke bukata a jikinsa ba, SWDIO da SWCLK da wuta da ƙasa kawai nake da su.

Ɗan Maraɗi: Ana iya buɗe shi a jona siririyar waya a fito da ita, na yi wa nawa, a allonka kuma PB3 ce. Amma sai mai tsayayyen hannu, ƙafafun sun yi kusa da juna ƙwarai. Sannan ka sani, ranar da ka sauka kan cif ɗin F030 ko G0 don rage kuɗi, zancen SWV ya ƙare, Cortex-M0 da M0+ ba su da ITM sam. Taga irin wadda kake ginawa kuwa ba ruwanta, muddin ana iya karanta memori za ta yi aiki.

Sadiq: To in ma sai an gina, ni da a VS Code zan gina. Da registerDebugAdapterTrackerFactory kana jin saƙon stopped duk sanda aka tsaya, ka tura customRequest na readMemory, ka zana a shafin HTML. Ba OSGi, ba plugin.xml. Kuma yarjejeniyar DAP, wadda edita ke magana da dibaga ta ita, ba ta editan guda ba ce, abin da ka koya zai bi ka wani wurin.

Rakiya: Ban musa ba Sadiq, ya fi sauƙin farawa. Amma aikinsa gaba ɗaya yana cikin CubeIDE, saitin ƙafafu, agogo, komai. Ba a ce wa mai gini ya tashi daga filinsa don taga ɗaya.

Auwal: Anti Rakiya Allah ya saka da alheri, IDMVMContext ɗin ne. Yanzu ina samun zaman. Sai dai na faɗa wasu ramuka biyu. Da amsar ta dawo na kira redraw() a kan Canvas, sai SWTException, Invalid thread access. Na ce to bari in jira amsar a wuri ɗaya, na yi amfani da Query na kira get(). Sai manhajar gaba ɗaya ta sandare, ko maɓallin Terminate bai dannuwa, sai da na kashe ta da ƙarfi.

Rakiya: Duk wanda ya taɓa DSF ya bi ta nan. Zare biyu ne a hannunka kuma kowanne da dokarsa. Na farko zaren fuska, shi kaɗai SWT, wadda ke zana tagogin Eclipse, ta yarda ya taɓa abin da ke kan allo. Na biyu zaren DSF, guda ɗaya tak ga kowane zama, duk hidimomin a kansa suke aiki, shi ya sa ba sa bukatar kulle-kulle a tsakaninsu. Tambaya kana aika ta ne ta session.getExecutor().execute(), amsa ta same ka a handleSuccess() na DataRequestMonitor, kana kan zaren DSF har yanzu. Daga nan ka kwafe bayanan cikin jerinka na Java, ka miƙa wa zaren fuska da Display.asyncExec(). Can ne za ka kira redraw().

Sandarewar kuma, ina kyautata zaton ka kira get() ɗin ne daga cikin zaren DSF. Ka tsayar da ma'aikaci guda ɗaya da ke shagon kana jiran ya kawo maka kaya, shi kuma ba zai motsa ba sai ka sake shi. Ko a zaren fuska ka kira shi akwai haɗari, don in wani abu a DSF yana jiran fuska a daidai lokacin, kun riƙe juna. Ka cire Query ɗin kwata-kwata, ba ka bukatarsa.

Abu biyu kuma tun kafin su cije ka. A cikin asyncExec ka fara duba isDisposed(), don mai amfani zai iya rufe tagar kafin amsa ta iso. Sannan a dispose() ka cire duk mai sauraron da ka sa, ka rufe DsfServicesTracker ɗin.

Auwal: Ya daina sandarewa. Amma nauyi gare shi, kowane taku sai na jira kafin hoton ya fito, har F6, maɓallin taku, ya zama a hankali.

Rakiya: Yaya kake karanto jerin?

Auwal: Ina zagayawa daga 0 zuwa 255, kowanne in yi createExpression na adc_buf[i] in nemi ƙimarsa.

Rakiya: To ga shi nan. Kowace tambaya sai ta zama umarni zuwa GDB, GDB ya tura wa sabar, sabar ta bi USB zuwa ST-LINK, shi ya bi wayoyin SWD zuwa cif ɗin, a dawo ta hanyar. Kai kuma sau 256 kake aiken, kuma a layi ɗaya suke da umarnin takun naka, shi ya sa F6 ke jira. Aike biyu ya ishe ka. Ka yi createExpression na adc_buf kawai, ka kira getExpressionAddressData(), zai ba ka adireshi da girma. Sai IMemory.getMemory() ta ɗebo bayit 512 a tafi ɗaya. IMemoryDMContext ɗin da take nema za ka same shi da DMContexts.getAncestorOfType(). Wajen haɗa bayit biyu su zama lamba ɗaya, ƙaramin ne a gaba, kuma bayit na Java yana da alamar ragi, sai ka yi masa & 0xFF kafin ka haɗa, in ba haka ba duk wanda ya kai 128 zai koma ƙasa da sifili ya ɓata maka lissafi. Ka kuma duba isReadable() na kowane MemoryByte, kada ka zana abin da ba a karanto ba.

Don sanin an tsaya, ka yi rajista da addServiceEventListener ka saurari ISuspendedDMEvent. Ka riƙe wata lamba da kake ƙara wa ɗaya a kowace tsayawa, amsar da ta dawo da tsohuwar lamba ka yar da ita. Mai danna F6 da sauri zai iya sa amsar taku na uku ta iso bayan an kai na biyar.

Auwal: Sauri kam ya samu, kamar ƙiftawar ido. Amma akwai abin da ban yi daidai ba a haɗa bayit ɗin. Maimakon igiya, layi nake gani kusan miƙaƙƙe a tsakiya, wajen 2048, da 'yar rawa kaɗan. Na duba & 0xFF ɗin sau uku.

Malam Habu: Tsaya. Auwal, amsa min wannan kafin ka sake danna komai. Lokacin da kake tsayar da shirin, MOSFET ɗinka, makunnan da ke tuƙa wutar, suna jone da batir da taransifoma? Kuma wa ke canza faɗin PWM ɗin, wato bugun da ke kunna su yana kashewa, DMA ko katsewar taima?

Auwal: Suna jone Malam, amma batir 12V ne kuma na sa ƙwan mota a jere da shi. Katsewar TIM1 ce ke ɗauko lamba ta gaba daga tebur. Yanzu da ka tambaya, na lura duk sanda na tsaya ƙwan yana haskawa sosai, in na saki ya dushe. Na ɗauka haka abin yake.

Malam Habu: Wannan ƙwan shi ya cece ka, ka gode wa Allah. Haɗa bayit ɗinka daidai yake, tagar gaskiya ta nuna maka. Dibaga in ta tsayar, ƙwaƙwalwar cif ɗin kawai take tsayarwa. Taima tana ci gaba da ƙirga, ADC yana ci gaba da awo, DMA tana ci gaba da zuba. Jerinka gurbi 256 ne a kan awo 6400, wato cikin kashi 40 na dubun daƙiƙa an shafe shi kaf an rubuta sabo. Kafin tagarka ta aika tambayar farko, abin da ya faru kafin tsayawa ya tafi. Abin da kake gani awon bayan tsayawa ne. Kuma me ke faruwa bayan tsayawa? Katsewar da ke canza faɗin PWM ta daina zuwa, faɗin ya maƙale a lamba ɗaya, taransifoma tana shan wuta ta gefe guda. Ƙarfen cikinta ya ƙoshi, ta daina zama taransifoma ta koma guntuwar waya. Shi ya sa fitarwa ta kwanta a tsakiya, shi ya sa ƙwan ke haske.

Ni ba ƙwai a nawa ranar da na koyi wannan. Batura biyu ne manya a jere, 24V, na sa wurin tsayawa a cikin lissafin wuta don in duba lamba ɗaya. Ban kai ga karanta ta ba na ji fat, sai wari. MOSFET huɗu suka tafi, ɗaya ya tsage har ana ganin cikinsa, layin tagullar da ke ƙarƙashinsu ya ɗago daga allon kamar ɓawon albasa. Allon mai shago ne ya ba ni gyara, da kuɗina na sake shi. Har yau in zan sa wurin tsayawa a abin da ke tuƙa wuta sai na duba waya tukuna.

Auwal: Innalillahi. Na cire batir ɗin yanzu. To Malam ya zan yi in ga abin da ya faru kafin tsayawar?

Malam Habu: Akwai rajistar DBGMCU_CR, an yi ta don wannan. In TIM3 ce ke tayar da ADC ɗinka, ka kunna DBG_TIM3_STOP, ko ka kira __HAL_DBGMCU_FREEZE_TIM3() a farkon shirin. Da ƙwaƙwalwa ta tsaya taimar za ta tsaya, ADC ba mai tayar da shi, DMA ba abin zubawa, jerin ya daskare yadda yake. In kana amfani da IWDG, mai gadin da ke sake kunna cif in shiri ya maƙale, shi ma ka daskarar da shi a nan, in ba haka ba zai sake kunna cif ɗin kana tsakiyar kallo.

TIM1 kuwa kada ka ce daskarewa ta wadatar. A cif ɗin G4 littafinsa ya faɗa ƙarara cewa in an tsayar da ita haka ana kashe ƙafafun fitarwa. Kada ka ɗora wannan a kan F103 ba tare da ka karanta nasa ba. Abin da nake yi, ba na sa wurin tsayawa da linzami a irin wannan shiri. Ina rubuta ɗan aiki da zai fara share MOE, makunnin ƙafafun fitarwa, a TIM1->BDTR, ƙafafun su mutu, sannan ya kira __BKPT(0), umarnin da ke tsayar da shirin. Taku layi-layi kuma da wuta a jone, ka bar shi gaba ɗaya.

Ɗan Maraɗi: Ƙari a kan na Malam. Ko jerin ya daskare, gurbi na 0 ba shi ne mafi tsufa ba, DMA tana iya tsayawa ko'ina. ADC1 a F103 yana kan DMA1 tasha ta 1, rajistar CNDTR tata tana 0x4002000C, tana faɗin awo nawa ya rage kafin a koma farko. Ka cire ta daga 256, nan ne bakin. Ka fara zane daga nan ka zagayo, sabon awo zai faɗo a ƙarshen dama. Ita wannan ba komai in ka karanta ta. Amma kada daɗin abin ya ja ka ka sa tagar tana karanto rajistoci barkatai. Karanta rajistar bayanai (DR) ta ADC yana share EOC, tutar gama awo, karanta DR na USART, tashar aika bayit, yana share RXNE, tutar isowar bayit. Na taɓa kwana biyu ina neman bayit da ke ɓacewa, ashe tagar da na bari a buɗe ce ke cinye shi kafin shirin ya gani.

Sadiq: To ai wannan ya dawo da mu maganata. In tsayawa ce haɗarin, a nemi hanyar da ba a tsayawa. Cortex-M yana bari a karanta memori ta SWD yana gudu. STM32CubeMonitor haka yake yi, OpenOCD ma yana yi.

Malam Habu: Yana bari, amma jerin da ake shafewa duk kashi 40 na dubun daƙiƙa in ka karanta shi yana gudu, rabi tsoho rabi sabo za ka samu. Sai dai shirin da kansa ya kwafe shi zuwa jeri na biyu in wani sharaɗi ya cika, ya ɗaga tuta, kai kuma ka karanta kwafin a natse. RAM ɗinsa 20K ne, bayit 512 ba za su dame shi ba. Wannan ita ce hanyar da zan bi in da wuta a jone.

Rakiya: Sai dai ka sani Auwal, ta IMemory ba za ka samu karatu ba muddin shirin yana gudu, GDB a yanayinsa na yau da kullum sai an tsaya yake amsa irin wannan. Tagarka ta bayan tsayawa ce. Ka haɗa dabarun biyu: sharaɗi ya cika, a kashe MOE, a tsaya, taga ta zana.

Auwal: Na yi duka. TIM3 tana daskarewa, ina kashe MOE kafin __BKPT, ina juya jerin da CNDTR. Jama'a, igiya ta fito, zagaye biyu, har da ɗan jan layi da na sa a 2048. Na daɗe ina kallonta. Kuma nan take ta nuna min abin da lambobi suka ɓoye min sati biyu: ƙololuwar sama a yanke take, shafaffe, awo goma sha ɗaya a jere duk 4095. Ta ƙasa kuwa lafiya. ADC ɗin ne ke cika, tsakiyar awona ta ɗan haura sama kuma rabon resistocin ya yi yawa. Shi ya sa lissafin RMS, wato ƙarfin wutar, ke ba ni ƙasa da gaskiya, shirin kuma yana ta ƙara wuta don ya cike giɓin da babu shi.

Malam Habu: Madalla. Da dump ɗin ma za ka gan shi, amma na yarda ba za ka duba sau talatin ba. Maganar kulawa da filogin ɗin dai tana nan, ranar da ka sabunta CubeIDE ka dawo ka ba mu labari.

Rakiya: Don rage wannan, ka saita Target Platform ɗinka ya nuna jakar plugins ta CubeIDE ɗin da kake amfani da shi, ba ta Eclipse ɗin da kake rubutu a ciki ba, kuma Java da ka gina da ita kada ta wuce wadda yake gudu a kai. Duk inda ka ga gargaɗin Discouraged access, ka shiga kayan cikin gida ne, su ake canzawa ba sanarwa. Waɗanda muka ambata a nan ba sa cikinsu.

Ɗan Maraɗi: Auwal in za ka raba, ka sa gurbin rubuta sunan jerin a saman tagar, da zaɓin faɗin lamba. Nawa awon int16_t ne na injin ban ruwa, akwai na ƙasa da sifili, kuma ba DMA ke cika shi ba.

Auwal: Sunan adc_buf a cikin kod ɗin yake a yanzu, adireshin CNDTR ma haka. Zan fitar da su, in mai amfani ya bar gurbin CNDTR fayau sai ta zana daga gurbi na 0. Yau dai resistoci zan fara canzawa, ina da 10k da 4.7k a gida, in ba su isa ba gobe in leƙa Sabon Gari. Anti Rakiya, saitin nan a IMemento zan ajiye shi ta saveState() ko a IDialogSettings?

Rakiya: IMemento ya isa, tunda na tagar ne ita kaɗai. Ka karɓe shi a init(), kuma ka duba ko null ne, don karon farko da aka buɗe tagar babu abin da aka ajiye.